Tsohuwar mage ba mayya ba ce, ƙodarta ce ke gazawa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana kan wata marar lafiya da ke gidaje da yawa amma ba a sa ta a lissafi, wato tsohuwar mage. Mun zaɓi yin maganar yanzu ne saboda bazara ta ƙarato. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma babu lokacin da ya fi wannan hatsari ga magen da ƙodarta ta soma gazawa.

Kowa ya san yadda abin ke farawa. Mage ta shekara 12 a gida tana tsare sito daga ɓeraye, sai a ga ta soma ramewa, ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya cukurkuɗe. Ta koma zaman bakin randa ko gindin famfo, tana lasar ruwan wanke-wanke. Ta daina hawa katanga. Cikin dare ta riƙa wani kuka mai kauri kamar na jariri, da safe a tarar ta jiƙa tabarma. Masu sauƙin kai su ce tsufa ne. Wasu kuwa su ce ta rikiɗe, ko aljanu sun shige ta, a sa ta a buhu a kai bayan gari a yar. Alhali kowace alama daga cikin waɗannan tana da dalili a jikinta, kuma yawancinsu ana iya sassauta su. Mage mai shekara 11 daidai take da mutum ɗan 60, mai 15 kuwa ta kai ɗan 76, kuma abin da ke damun dattijai kusan shi ke damun ta: ƙoda, hawan jini, suga, gaɓɓai da haƙora.

Ƙoda ce kan gaba, don haka a kanta za mu fi daɗewa. Asalin magen gida daga kyanwar daji ta busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya yake, dabbar da ke samun yawancin ruwanta daga abin da ta kama, domin kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne. Shi ya sa lafiyayyar mage ba ta cika sha ba, fitsarinta kaɗan ne, mai kauri da zarni. Aikin ƙoda ne ta tace datti ta mayar da ruwa cikin jini. In ƙananan matatan da ke cikinta suka soma mutuwa, kuma ba sa sake tsirowa, sai ta kasa riƙe ruwan. Fitsari ya yi yawa, ya tsinke, zarninsa ya ragu. Mage ta yi ta sha amma ba ta cim ma abin da take zubarwa. Nan ake kuskure biyu. Na farko a ce ai tana fitsari sosai, ƙodarta lau. Na biyu, wanda ya fi muni, a ɗauke mata ruwa da dare don kada ta ɓata shimfiɗa. Dare ɗaya na bazara babu ruwa ya isa ya kwantar da ita.

Abu biyu mai gida zai iya aunawa da kansa, kuma sun fi kallon ido gaskiya. Na farko nauyi. A sa ta cikin kwando a ɗora kan sikelin jarirai, ko a rataya a irin sikelin masu sayar da kaji, a cire nauyin kwandon, a rubuta a littafi sau ɗaya a wata. Magen da ke da kilo 4, in ta rasa giram 200, ta rasa kashi 5 cikin 100 na jikinta ke nan, kamar a ce mutum mai kilo 70 ya zubar da kilo uku da rabi. Ido ba ya ganin wannan saboda gashi. Na biyu ruwa. A auna mililita 400 a zuba mata da safe, a auna ragowar da sirinji washegari a daidai lokacin. Da yake a ƙasarmu iska da rana ma suna sha, sai a ajiye wani kwano iri ɗaya a gefe, a rufe shi da rariya, abin da ya ragu a cikinsa a cire daga lissafi. Mage mai kilo 4 tana buƙatar kimanin mililita 200 a yini, har da ruwan da ke cikin abinci. Wadda ke shan fiye da 100 a kan kowane kilo na nauyinta ba shakka tana da ciwo, amma kada a jira a kai nan, da an ga shan ya ninka abin da aka saba a nemi likita.

A asibiti a nemi gwajin jini na kiriyatinin da yuriya, wato dattin da ƙoda ke fitarwa, da sinadaran fosfaras da fotasiyam da yawan jini, sannan gwajin kaurin fitsari. Kaurin da ya gaza 1.035 a magen da jikinta ke neman ruwa alama ce ta ƙoda. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu bisa kiriyatinin: daga 1.6 zuwa 2.8 mataki na biyu, daga 2.9 zuwa 5.0 na uku, sama da 5.0 na huɗu, duka a miligiram cikin kowace desilita. Sai dai a kula, wannan sinadari ba ya tashi a jini sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi, kuma daga tsoka yake fitowa, don haka magen da ta rame ƙwarai takan nuna lamba ƙasa da ainihin halin da take ciki. Kada kuma a yanke hukunci da gwaji ɗaya da aka yi ranar da ta bushe, a maimaita bayan mako biyu in ta sami ruwa a jika. Asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri su ne wuraren da ya kamata a fara tunawa in asibitin dabbobi na kusa ba shi da kayan gwaji.

Ƙodar da ta mutu ba ta dawowa. Abin da ake yi shi ne rage wa ragowar nauyi, kuma babban nauyin fosfaras ne. In ƙoda ta kasa fitar da shi sai ya taru a jini, ya janyo alli, wato sinadarin kalsiyam, daga ƙashi, ya ƙara lalata ƙodar. To abin takaici, abincin da muka fi ba mage don nuna ƙauna shi ya fi shi yawa: busasshen kifi da ƙayarsa, kan kifi, sadin na gwangwani, madara, nono, hanta, ƙashin kaza. Miyar gida kuma ga gishiri ga Maggi, ga albasa da tafarnuwa waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage, ita da dama ciwon ƙoda ya rage mata jini. Tuwo da shinkafa zalla ma ba mafita ba ne. Mage mai cin nama ce tilas, tana buƙatar wani sinadari mai suna tawurin da ke cikin nama, musamman zuciya, rashinsa kan kawo makanta da ciwon zuciya.

Akwai abincin da aka haɗa musamman don masu ciwon ƙoda, irin na Royal Canin da na Hill's. Yana da tsada, amma amfaninsa tabbatacce ne: a wani bincike da aka buga a Ingila a 2000, magunan da suka karɓi irin wannan abinci sun rayu kimanin kwana 633, waɗanda ba su ci shi ba kuwa 264. A sauya a hankali cikin mako uku zuwa huɗu, a fara da kashi ɗaya na sabo cikin huɗu. Kada a gabatar mata da shi ranar da take jin tashin zuciya, domin mage ba ta mantuwa, in ta haɗa warin abinci da amai takan daɗe tana ƙin shi. Na gwangwani ya fi busasshe, shi kusan kashi 78 cikin 100 ruwa ne, busasshen kuwa bai wuce 10 ba.

Wanda bai samu ba ko ba shi da hali, to a dafa cinyar kaza da fatarta ba gishiri ba ƙashi, a haɗa da farin ƙwai dafaffe, wanda ke da gina jiki sosai amma fosfaras kaɗan, da 'yar shinkafa. Nama zalla ba shi da isasshen alli, sai a dafa ɓawon ƙwai, a busar, a daka ya yi laushi kamar gari, a sa kimanin rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na nama. Wannan haɗin na tsayar da yunwa ne, likita ne zai daidaita shi ya ƙara tawurin da bitamin. In fosfaras ya ƙi sauka akan ƙara maganin da ke kama shi tun a hanji, kuma dole a cakuɗa shi cikin abincin, in aka ba shi ciki wayam aikin banza ne. Mage mai kilo 4 tana neman kalori kusan 200 a yini, a raba sau huɗu ko biyar, a ɗumama ya yi ɗumin jiki don ƙamshi ya tashi, tsohuwar mage hancinta ya dushe. Ka'ida ɗaya ta fi duk waɗannan: gara ta ci abin da bai dace ba da ta ƙi ci. Magen da ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse kan cika mata hanta, kuma wannan ya fi ciwon ƙodar saurin kisa.

Ruwa kuwa a ajiye shi wuri uku ko huɗu, nesa da abinci da wurin bayan gida, cikin faffaɗan kwano wanda gashin bakinta ba zai taɓa gefensa ba. Kasko ya fi roba, yana sanyaya ruwa. A sauya safe da yamma.

In aka kai mataki na uku ko na huɗu, sau da yawa sha kaɗai ba ya isa, sai likita ya koya wa mai gida ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Ruwan Ringer ake amfani da shi, ba mai suga ba, domin mai suga yana ƙona nama ya kawo ƙurji. Yawanci mililita 75 zuwa 125 ne, kullum ko bayan kwana biyu zuwa uku, gwargwadon abin da likita ya yanka. A tsoma ledar cikin ruwan ɗumi, ban da bakinta, a ɗiga a bayan hannu a ji. A rataye ta a ƙusa kimanin mita ɗaya sama da magen, a buɗe bututun ruwa ya kori iska, a rufe, a sa sabuwar allura mai lamba 20 ko 21. A yi wa ledar alama da biro inda za a tsaya. A kama fatar tsakanin kafaɗu a ɗaga ta kamar bukka, a soke a gindin bukkar, allurar a kwance take bin tsawon baya, sannan a buɗe. Minti 5 zuwa 10 ya isa. In ruwa ya tsaya, bakin allurar ne ya manne da fata, a ɗan juya ta. In gashi ya jiƙe, ta huda ta fita ta ɗaya gefen, a zare a sake. Bayan an gama a matse wurin na ɗan lokaci. Za a ga ƙullutu kamar lemun zaƙi, daga baya ya gangaro ƙirji ko ƙafar gaba, wannan ba komai, jiki zai shanye shi cikin sa'o'i. Amma in lokacin na gaba ya yi bai ɓace ba, ko numfashinta tana barci ya wuce 30 a minti, a dakata a kira likita, ruwa ya fi ƙarfin zuciyarta.

Ciwon ƙoda ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan jawo hawan jini, kuma alamar farko sau da yawa makanta ce ta farat ɗaya: baƙin idon ya buɗe wangam ko a rana, tana karo da bango. In aka sauke jinin cikin gaggawa wani lokaci gani kan dawo. Awon da ya tsaya sama da 160 yana buƙatar magani, amlodifin miligiram 0.625 zuwa 1.25 sau ɗaya a yini, wato ɗan ɓarin ƙwayar mutane mai 5, don haka likita ne zai nuna yadda za a raba. Hawan jini, da kurumta, da ruɗewar tsufa, su ne ke bayan yawancin kukan daren da ake jingina wa maita. Magen da ta sunkuyar da kai ta kasa ɗaga wuya kuwa fotasiyam ne ya zube ta fitsari. Wadda ke zuwa bakin kwano ta shinshina ta lashi leɓe ta juya, tashin zuciya ne, kuma akwai magungunansa.

Ciwo biyu suna kama da na ƙoda, gwajin jini ne ke raba su. In tana ci kamar gara amma tana ramewa, ba ta zama wuri ɗaya, zuciya na bugawa sama da 220 a minti, a duba ƙwayar tayiroid da ke wuya, wadda in ta kumbura a jikin mutum ake kira maƙoƙo. Kabimazol na saukar da ita, amma a sake gwada ƙoda bayan mako biyu zuwa uku, don wannan ciwo kan ɓoye na ƙoda, sai an danne shi ɗayan ya bayyana. In kuwa tururuwa na taruwa a fitsarinta, ko tana taka ƙasa da dukan dunduniyar ƙafar baya, suga ne, ya fi kama muzurai masu ƙiba. Insulin ne maganinsa, sau biyu a yini da tazarar awa 12. A lura da sirinji: akwai na 40 akwai na 100, in aka haɗa insulin mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 an ba ta ninki biyu da rabi. In ta soma tangaɗi ko karkarwa bayan allura, a shafa mata zuma a dasashi a garzaya asibiti. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar cikin roba mai murfi a ajiye cikin jiƙaƙƙen tulu a inuwa.

Sai gaɓɓai. Mage ba ta ɗingishi kamar kare, daina tsalle take yi, ta daina lasar bayanta, ta yi fitsari a gefen kwanon yashi don hawa ya gagare ta. Wani bincike a Amurka a 2002 ya ga alamar lalacewar gaɓɓai a hoton ƙashin kashi 90 cikin 100 na magunan da suka haura shekara 12. A yanke gefe ɗaya na tsohuwar roba ya zama bai fi tsawon yatsa ba, a zuba yashi mai laushi, a kwashe kullum, amma kada mace mai juna biyu ta yi wannan aikin. A sa mata kujera 'yar tsugunno ta zama matakala zuwa inda ta saba kwana, lokacin hunturu a ƙara tsumma. A duba farce duk mako biyu zuwa uku, na tsohuwar mage kan yi kauri ya lanƙwashe ya shige tafin ƙafa.

A nan ne tausayi ke kisa. Kada a ba mage farasitamol, ko Panadol ne ko na ruwa na yara. Hantarta ba ta da abin narkar da shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa. Cikin sa'o'i dasashi ya koma launin ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Akwai makarinsa, amma sai an kai ta da wuri. Ibufurofen da diklofenak kuwa ƙodar suke ƙarasawa. Meloksikam ana ba mage, amma mai kilo 4 ba ta wuce miligiram 0.2 a yini, mai ciwon ƙoda ma ƙasa da haka, ƙwayar mutane kuwa 7.5 ce ko 15. Na ruwa da aka yi don mage kawai za a yi amfani da shi, kuma ranar da ba ta ci ba ko ta yi amai a tsallake. Haka maganin ƙuma na karnuka mai fametirin, da fiya-fiya, da Sniper, da goge daɓe da Izal ko Dettol ta taka ta lashe, duk guba ne gare ta. Kowace ƙwaya aka ba ta a bi da ruwa mililita 3 zuwa 5 ta gefen baki, don busasshiyar ƙwaya kan maƙale a maƙoshi ta yi gyambo.

Bushewar ciki ma ta zama ruwan dare ga masu ciwon ƙoda, saboda jiki na tsotse ruwan hanji. Ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa a abinci na taimakawa, in bai yi ba likita ya rubuta laktulos. Kada a ɗura mata mai ta baki, yakan bi hanyar huhu. A kuma rarrabe: muzurun da ke tsugunawa yana yunƙuri yana kuka ba ya fitar da komai, mai yiwuwa mafitsara ce ta toshe ba hanji ba, kuma wannan ba ya jiran kwana biyu. Warin baki da dalalar miyau da tauna ta gefe ɗaya haƙori ne ko gyambon da dattin ƙoda ke haifarwa, kuma cire ruɓaɓɓen haƙori kan dawo da cin abinci fiye da kowane maganin ƙara ci.

Game da buhu da bayan gari, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, sananne ne a Bukhari da Muslim. Magen da ba ta gani sosai, ba ta tsalle, kuma ba ta iya yini babu ruwa, yar da ita ba saki ba ne, don ba abin da za ta iya kamawa. In an kai inda ba ta ci, ba ta tashi, magani ya daina tasiri, a zauna da likita a ji abin da ya rage, mai shakka ta fuskar addini ya tuntuɓi malaminsa.

Magen da ta haura shekara 10 a kai ta dubawa duk wata shida ko da lafiyarta ƙalau, mai ciwon ƙoda kuwa duk wata uku. A ɗauke ta cikin kwando mai murfi da iska ke shiga, da tsummanta a ciki, da sanyin safiya, ba cikin buhu ko but ɗin mota ba. A tafi da littafin nauyi da na ruwa, da duk magungunan da take sha cikin kwalayensu. In za a kai fitsari, a wanke 'yan tsakuwa a busar a zuba a robarta maimakon yashi, in ta yi a zuƙe da sabon sirinji, a kai shi cikin awa biyu.

Naku,
Wasu likitocin ƙananan dabbobi